Lambar da ke Gefen Taya: Tarihin Awon Ƙafar Keke a Ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Gabatarwa

A gefen kowace tayar keke akwai wasu lambobi da aka buga a jikin roba tun daga masana'anta. Wata tana ɗauke da 28 x 1½, wata 26 x 1.95, wata kuma 40-635. Galibin mahaya ba sa duba su sai ranar da taya ta cinye, aka je kasuwa neman madadinta. A ranar ce mutum kan tarar cewa tayoyi biyu masu suna ɗaya na iya ƙin shiga ƙafa ɗaya. Wannan ruɗani yana da asali a tarihin masana'antun Ingila da Faransa da Amurka, kuma ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan wuri ne da ya dace a bi sawunsa, domin a can tsohon keke na zamanin Turawa da sabon keken hawan dutse sun haɗu a kan turba guda. Wannan rubutu zai bi tarihin mutanen da ƙasarsu, da na kekunan da suka iske su, sannan ya bayyana yadda ake zaɓen tayar da ta dace da keken hawan dutse idan kwalta zai riƙa bi.

Mutanen da ƙasar da suka zauna

Tun ƙarnuka da dama mahajjata daga ƙasar Hausa da Barno suke ratsa Sudan a ƙasa zuwa Makka. Tafiyar takan ɗauki shekaru, saboda haka sukan yada zango su yi noma ko ƙodago don neman guzuri, wasu kuma zangon ya zame musu gida. Wannan kwarara ta ƙaru bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya tare da waɗanda suka tsira, wajen 1906 suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar. Garin da suka kafa har yau sunansa Mai Wurno, Fulani da Hausawa ne a cikinsa, kuma ya zama cibiyar wasu ƙauyuka da suka bazu a bakin kogin.

Abin da ya ƙara jawo mutanen yamma shi ne auduga. Jazira fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman rani na Jazira da faddan 300,000, wanda bayan faɗaɗawar Manaƙil ya haura faddan miliyan biyu. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Gonar da ake ba manomi sunanta hawasha, hedikwatar shirin kuma tana Barakat kusa da Wad Madani. Audugar tana buƙatar hannaye masu yawa lokacin ciro da tsinka, Hausawa da sauran waɗanda Sudaniyawa ke kira Fallata ko Takarir suka zama babban ɓangare na wannan ƙodago. Da yawansu sun zauna a matsugunan ma'aikata da ake kira kambo, a gefen magudanan ruwa, nesa da kasuwa da asibiti. Mark Duffield ya yi nazarin tattalin arzikin Mai Wurno a littafinsa na 1981, C. Bawa Yamba kuma ya rubuta a 1995 kan mahajjatan da suka dawwama a Sudan suna kallon kansu a matsayin matafiya.

Ƙasar Jazira baƙar laka ce. Da rani takan bushe ta tsattsage, da damina kuwa, daga Yuli zuwa Satumba, takan zama taɓo mai danƙo da ke liƙe wa ƙafa da taya. Babu tudu babu gangare, sai hanyoyin da ke bin kafaɗar magudanan ruwa. Ga kuma ƙaya: ta bagaruwa da ta aduwa, da tsidau da ƙarangiya, da ta bishiyar miskit wadda aka shigo da ita Sudan daga waje ta mamaye bakin magudanai. Duk abin hawan da zai yi aiki a nan sai ya jure waɗannan.

Keken Ingila da awonsa

Taya mai iska ta samu karɓuwa ne daga 1888, lokacin da John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfas, ya ɗaura wa keken ɗansa roba mai iska. A 1890 Charles Kingston Welch ya fito da dabarar sa waya a bakin taya don ta kama rim, wato ƙarfen da'irar da taya ke zama a kansa. Wannan waya ba ta miƙewa. Daga nan ne dukan batun awo ya taso, domin idan da'irar wayar ba ta yi daidai da mazauninta a rim ba, ko dai tayar ta ƙi shiga, ko ta shiga ta yi sako-sako.

Masana'antun Ingila na farko sun raɗa wa taya suna da faɗinta na waje bayan an hura mata iska, a ma'aunin inci, sannan su biyo da kaurinta. Mazaunin waya ba ya cikin sunan. Keken da ya fi yaɗuwa a ƙasashen da Ingila ta mallaka shi ne baƙin keke mai burkin sanda, irin na kamfanin Raleigh na Notingam, wanda Hausawa da Sudaniyawa duka ke kira Rali. Tayarsa ita ce 28 x 1½. Mazaunin wayarta milimita 635 ne. Idan aka ƙara kaurin taya na milimita 38 sama da ƙasa, sai a samu 711, wato inci 28 cif. Sunan gaskiya ne a zamaninsa.

Wannan keke ya dace da fili irin na Jazira. Babbar ƙafa takan tsallake tsaguwar ƙasa da ramuka cikin sauƙi, giya ɗaya ta isa inda babu hawa, kariyarsa kuma tana ɗaukar buhun dawa ko damin ciyawa. Da kekunan Ingila suka yi tsada, sai na Sin da Indiya suka maye gurbinsu: Phoenix na Shanghai, Flying Pigeon na Tiyanjin wanda aka fara ƙerawa a 1950, da Hero na Ludhiyana da aka kafa a 1956. Dukansu sun kwaikwayi fasalin Ingila har da awon taya. Haka abin yake a ƙasar Hausa ta asali, inda Raleigh ya yi masana'anta a Kano. Sakamakon haka, shekaru da dama mai faci a Wad Madani da takwaransa na Kano kusan awo ɗaya suka sani. Mutum ya ce a ba shi tayar keke, magana ta ƙare.

Ɗalibin harshe zai lura da yadda kalmomin suka bi hanyar kayan. Keke aro ce daga Yarbanci, basukur daga Ingilishi, laulawa kuma tsohon suna ne da yanzu ba a cika jin sa ba. Taya da faci da burki da feda da bawul duk daga Ingilishi suka shigo. A Larabcin Sudan kuwa keke ajala ne, taya lastik, faci banshar, mai gyaran keke ajalati. Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Kartum ya nuna a littafinsa na 1999 yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci, kuma sunayen kayan kasuwa na cikin abubuwan da harshen baƙo ke saurin karɓa daga mai masauki.

Yadda awon Amurka ya iso

Awo na biyu ya bi wata hanya daban. A 1933 kamfanin Schwinn na Shikago ya fito da keken yara mai ƙatuwar taya, 26 x 2.125, mai mazaunin waya na milimita 559. Bayan shekara arba'in, wasu matasa a gundumar Marin ta Kalifoniya suka riƙa tsinto waɗannan tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga dutsen Tamalpais, saboda kaurin tayarsu yana shanye girgizar duwatsu. A 1976 suka fara tseren gangare da aka sani da Repack. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keke musamman don wannan aiki, Gary Fisher da Charlie Kelly da Tom Ritchey suka mai da shi sana'a, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper da yawa zuwa kasuwa. Tayar da suka tarar ita suka riƙe. Ta haka milimita 559 ta zama awon keken hawan dutse a duniya, ba don wani nazari ya zaɓe ta ba, sai don ita ce a hannu.

Daga shekarun 1990 masana'antun Sin da Taiwan suka cika kasuwannin duniya da irin wannan keke, sabo da gwanjo, har ya kai kasuwannin Afirka. Yana da giya da yawa, ƙafarsa ƙarama ce, tayarsa kuma tana da manyan haƙora da aka yi don su kama ƙasa mai santsi a kan gangare.

A daidai wannan zamani hanyoyin Sudan ma sun canja. Kwalta ta haɗa Kartum da Wad Madani, a shekarun 1970 Sinawa suka gina gadar Hantub da hanyar Gadarif, daga baya kwalta ta miƙa kudu zuwa Sinnar da Sinja da Damazin, inda madatsar Rusairis take tun 1966. Ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu suka samu kansu kusa da titi. Ɗan makaranta ko mai kai kayan lambu kasuwa yanzu yakan yi 'yar tafiya a turbar laka, sannan ya yi doguwa a kwalta. A kan kwalta haƙoran tayar dutse ba su da abin kamawa. Sukan lanƙwashe a ƙarƙashin nauyi, su yi ƙugi, su cinye ƙarfin mai tuƙi, su kuma side da wuri a tsakiya. Daga nan buƙatar sauya taya ta taso, ruɗanin sunaye kuma ya bayyana.

Suna ɗaya, awo daban

Akwai aƙalla awo biyar da duk ake kira inci 26. Na keken hawan dutse 559 ne. Akwai 571, akwai 584 mai suna 26 x 1½, akwai 590 mai suna 26 x 1⅜ na ƙananan kekunan Ingila masu giya uku, akwai kuma 597 mai suna 26 x 1¼. Dalili shi ne kowanne an auna shi daga waje: 590 da taya mai kaurin milimita 35 ya ba da 660, haka 584 da mai 38, haka kuma 559 da mai inci biyu. Dukansu inci 26 ne daga waje, amma babu wadda za ta zauna a rim ɗin wata. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Wata alama tana taimakawa. Idan an rubuta kaurin taya mai inci 26 da ɗigo, kamar 1.5 ko 1.75 ko 1.95, ta 559 ce. Idan an rubuta shi da ɓangare, kamar 1½ ko 1⅜, ta wani gida ce. A lissafi 1.5 da 1½ abu ɗaya ne, a kasuwar taya kuwa akwai milimita 25 tsakaninsu.

Manyan ƙafafu sun fi ban mamaki. Faransawa suna da nasu tsarin na milimita da harafi, inda 700C ke nufin mazaunin waya na 622, Jamusawa kuma suna kiran wannan awo inci 28. Da masu keken hawan dutse suka ɗaura masa taya mai kauri daga 1999, sai suka kira shi inci 29. Tsohuwar 27 x 1¼ ta Ingila kuwa 630 ce. Ke nan rim ɗin inci 27 ya fi na inci 29 girma, na Rali mai inci 28 kuma, da yake 635 ne, ya fi su duka. Shi kuma awon 27.5 da ya yaɗu a shekarun baya-bayan nan shi ne tsohon 584, wanda Faransawa ke kira 650B.

Don magance wannan, ƙungiyar masu ƙera taya da rim ta Turai, ETRTO, wadda aka kafa a 1964, ta fitar da tsarin lamba biyu, daga baya ya zama ƙa'idar duniya ta ISO 5775. Lamba ta farko kaurin taya ce, ta biyu mazaunin waya, duka a milimita. Tayar Rali ta zama 40-635, ta keken hawan dutse mai 1.95 ta zama 50-559. Wannan ce lambar da ba ta yaudara, kuma mafi yawan tayoyin yau suna ɗauke da ita kusa da tsohon sunan.

Yadda ake zaɓe

Sharaɗi na farko shi ne lamba ta biyu ta sabuwar taya ta zama daidai da ta tsohuwa. Babu rangwame a nan. Taya ta 559 ba za ta hau rim na 590 ba, wanda ya matsa mata da ƙarfe zai lalata wayarta ko ya tsaga tiyub. Ta 590 kuwa za ta faɗa kan rim na 559 cikin sauƙi, amma da zarar an hura iska sai bakinta ya kuɓuce, tiyub ya leƙo ya fashe. Mafi hatsari su ne masu kusancin awo, irin 630 da 635, ko 584 da 590, domin sukan yi kamar sun zauna, sai a kan hanya da kaya a kariya su saki.

Sharaɗi na biyu shi ne faɗin rim daga ciki, wanda wani lokaci akan buga shi a jiki, misali 559 x 19. Rim ɗin keken hawan dutse yana da faɗi, saboda haka taya mai tsananin siranta ba ta yi masa. Abin da masu gyara suka saba bi shi ne kada kaurin taya ya gaza faɗin cikin rim sau ɗaya da rabi. Rim mai milimita 19 yana karɓar taya daga 28 zuwa sama, mai 21 daga 32, mai 25 kuma daga wajen 38. Idan taya ta fi haka siranta, takan baje ta rasa tudunta, kowane rami sai rim ya dantse tiyub ya yi masa huji biyu a jere.

Na uku shi ne abin da sauyin ke yi wa keken kansa. Taya 54-559 faɗinta na waje ya kai milimita 667, ta 38-559 kuwa 635. Kowane juyin ƙafa ya ragu da kusan santimita goma, wato kimanin kashi biyar cikin ɗari, saboda haka giya za ta yi sauƙi kaɗan, gudun ƙoli ya ragu. Keken kuma ya sauka ƙasa da milimita 16, feda na iya taɓa ƙasa a kwana ko a kan kunya. Wanda ya yi tunanin sauya ƙafar gaba ɗaya zuwa 622 sai ya duba burkinsa: idan mai kama rim ne, robarsa ba za ta kai sabon wurin ba. Mai burkin faifai ne kaɗai ke da wannan dama, shi ma sai in akwai sarari a jikin keken.

Na huɗu tiyub ne da bawul. Tiyub yana miƙewa, amma na taya mai inci biyu yakan naɗe a cikin siririyar taya ya tsage a wurin naɗin. Bawul iri uku ne: na Dunlop da ke kan tsofaffin kekuna, na Schrader irin na mota, da siririn Presta. Na farko da na biyu suna shiga huji ɗaya mai kimanin milimita 8.5, Presta kuwa hujinsa 6.5 ne. Inda famfon mai facin mota ya fi samuwa, Schrader ya fi sauƙin sha'ani.

Sai batun kauri. Mutane da yawa suna ɗauka cewa siririyar taya ce mai gudu a koyaushe. Gwaje-gwajen masu ƙera taya sun nuna cewa idan iska ɗaya ce, roba ɗaya, mai kauri ba ta fi siririya cin ƙarfi ba, kuma a kan hanya mai gargada ta fi ta. Haƙora ne da taurin roba ke cin ƙarfin mahayi. Siririyar taya kuma tana buƙatar iska mai ƙarfi, wadda ba kowane famfon hannu ke kaiwa ba, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana ƙara matsin da ke cikinta. Ga mazaunin ƙauyen da hanyarsa rabi laka rabi kwalta, taya mai sulɓin tsakiya daga 40-559 zuwa 47-559, wato 26 x 1.5 zuwa 26 x 1.75, ita ce matsakaiciya. Tana gudu a titi, tana ɗaukar kaya, tana da naman roba da zai tare tsidau, sannan ta bar sarari tsakaninta da jikin keke yadda taɓon damina ba zai cushe ya tsayar da ƙafa ba.

Kammalawa

Tun daga watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɗaiɗaita wannan yanki. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023 da Sinja a tsakiyar 2024, sojojin gwamnati suka karɓe Sinja a Nuwambar 2024 da Wad Madani a Janairun 2025. An rasa rayuka, kasuwanni sun watse, man fetur ya yi wuya, kayan gyara suka yi tsada. A irin wannan hali abin hawan da ba ya shan mai darajarsa takan ƙaru, kuskuren sayen taya kuma ya zama asarar da ba a saurin mayarwa, musamman ga ɗan ƙodagon da kuɗin taya ɗaya ya kai ladan kwanakinsa da dama.

Lambobin da ke gefen taya sun taso daga wurare masu nisa da juna. 635 ta fito daga masana'antun Ingila ta biyo hanyar auduga, Sin da Indiya suka raya ta bayan Turawa sun tafi. 559 ta fito daga keken yara na Shikago ta biyo ta duwatsun Kalifoniya. 622 da 584 tsofaffin awon Turai ne da aka sake wa suna. Dukansu yanzu suna rataye a rumfar mai gyara ɗaya, a gaban jikokin mahajjatan da suka iso wannan ƙasa da ƙafa. Wanda zai sayi taya a can, ko a Kano, ko a Maraɗi, ya goge ƙurar gefen tsohuwar, ya karanta lamba uku na ƙarshe, ya nemi irinsu kafin ya biya kuɗi.